Yadda Za Ka Koyi Ɗaukar Fim Daga Finafinan Sixteen Films

Duk yaron da ya same ni a Jos yana son koyon fim, yana kukan ba shi da kuɗin hayar katafaren gida da motoci, sai in ba shi aikin gida: finafinai uku na Sixteen Films. Kamfani ne mai zaman kansa a Landan, darakta Ken Loach da furodusa Rebecca O'Brien suka kafa shi a 2002, Paul Laverty kuma shi ke rubuta musu labari. Finafinansu sun ci babbar kyautar bikin Cannes na Faransa sau biyu, a 2006 da 2016, na 2016 ɗin da labarin talakawa zalla.

Fara da I, Daniel Blake na 2016, labarin kafintan da ciwon zuciya ya hana shi aiki, ofisoshin tallafi suka yi ta wahalar da shi. Kunna rubutun maganar da ke fitowa a ƙasan allo, don Turancin mutanen Newcastle sai an kasa kunne sosai. Kallon farko ka bar labarin ya ɗauke ka. A na biyu ka kashe sauti, ka riƙe biro, ka rubuta inda kyamara take tsaye a kowace fitowa. Za ka ga tana can nesa, daidai tsayin idon mutum, kamar maƙwabcin da ke kallo daga bakin ƙofa. Tsaya a fitowar wurin rabon abinci, inda wata uwa mai yara, wadda kafintan yake taimaka wa, ta buɗe gwangwanin wake ta hau ci da hannu saboda yunwa. Babu kiɗan tausayi, ba a kuma cusa kyamara a fuskarta ba. Na kalli wurin nan ya fi sau goma, har yau sai idona ya kawo ruwa.

Sai Sorry We Missed You na 2019, kan direban kai saƙo da matarsa ta sayar da motarta don ya samu motar aiki, bashi kuma ya shaƙe su. Kana gamawa ka tafi Terminus ko Farin Gada, ka sami ɗan keke mai biyan balas kullum, ka saya masa shayi, ka saurare shi. Ka rubuta maganarsa yadda ta fito, kada ka yi mata kwalliya. Jarumin wannan fim ma ya daɗe yana sana'ar gyaran famfo kafin a ba shi rawar, shi ya sa gajiyarsa take kama da ta gaske.

Dabaru biyu na Loach nake so ka gwada. Yana ɗaukar fim bi da bi, daga farkon labari zuwa ƙarshe, kuma ba ya ba 'yan wasa rubutun gaba ɗaya, sai kaɗan-kaɗan, don abin da zai faru ya zo musu ba zato. Ɗauka bi da bi tana sa a yi ta komawa wuri ɗaya, a wurinmu kuma komawa lokeshan sau uku yana cin kuɗi, saboda haka ka tsare labarinka a wuri biyu ko uku kawai: ɗaki, tsakar gida, bakin titi.

Na ukun shi ne The Old Oak na 2023, inda 'yan gudun hijirar Siriya suka sauka a ƙauyen da haƙar kwal ta mutu a arewa maso gabashin Ingila. Ni Bukuru ya tuna mini, da kududdufan da haƙar kuza ta bari, da zaman baƙo da ɗan gari wanda mu a nan mun san ɗacinsa. Kada ka tsallake sunayen farkon fim: za ka ga BFI (hukumar finafinai ta Birtaniya) da BBC da kamfanonin Faransa da Beljiyam, wato karo-karo aka yi kafin a ɗauka.

Daga nan ka rubuta labarin minti biyar. Ka je ka gaida mai unguwa ka nemi izini, ka ɗauka da hantsi ko bayan la'asar lokacin da haske ya yi laushi. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, ka sa shi a makirfo, don iskar Jos a lokacin hunturu tana cinye magana.