Gyaran wayarin fitilar gaban Peugeot 504: a auna kafin a canza ƙwai

Wayoyin 504 da aka harhaɗa a Kaduna sun daɗe suna shan zafin inji da ƙura. Idan fitilar gaba ta koma ja-ja ko tana ɗaukewa, ba kasafai laifin yake ga ƙwan ba. Wutar ce ke raguwa a hanya.

Fara da batir. Mota a kashe, mita (na'urar auna volt) ya nuna kusan volt 12.6; inji na aiki, 13.8 zuwa 14.4. In bai kai ba, matsalar caji ce.

Sai ka kunna fitila, soket na jone da ƙwan. Ɗora jan tsinken mita a kan + na batir, baƙin a ƙafar ƙwan da wuta ke shiga. Abin da ya nuna shi ne wutar da ta salwanta a hanya. In ya haura volt 0.5, wani mahaɗi ya yi tsatsa ko makunni ya ƙone. Maimaita tsakanin ƙafar at ta ƙwan, wato wadda wuta ke bi ta koma bodi, da − na batir. Kada ya wuce 0.2. Dole fitila ta kasance a kunne, domin wayar da sili ɗaya ya rage mata za ta nuna 12 lafiya lau muddin ba a jan wuta.

At, wato wayar da ke ɗaure a jikin bodi, ita ce ta fi ba da wahala. Alamarta: gefe ɗaya ya dushe, zaren dim da na ful su yi ja tare, saboda wutar ta rasa hanyar komawa ta bi ta ɗayan zaren. Kwance notin, goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ɗaure tam, ka shafa giris.

In asarar a makunnin sitiyari take, sa rile biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful; rile ƙaramin makunni ne da wuta kaɗan ke kunnawa, shi kuma ya ɗauki nauyin wutar fitila. A kowane rile, ƙafa mai lamba 30 ta tafi batir da waya mai kaurin 2.5mm² da fis na amfiya 15 dab da batir, 87 ta tafi ƙwayayen, 86 ta karɓi tsohuwar wayar makunni, 85 ta kama bodi.

Ƙwan H4, wato mai zaren ful da na dim a ƙwai ɗaya, mai wat 60/55 yana jan kusan amfiya 5. Mai 100/90 kuwa yana narkar da soket da makunni a tsohon wayarin, kada ka sa shi. Kar kuma ka taɓa gilashin ƙwan da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana.