Kuɗin ritaya a Amurka: lokacin da ya dace ka mayar da su asusun Roth

Ɗan'uwa, ranar da ka kama aiki a Amurka za a miƙo maka takardu tuli, ciki har da na asusun 401(k). Kada ka tsallake shi. Ya yi kama da asusun fansho na gida, sai dai a nan yawanci kai ke faɗin nawa za a riƙa yanka daga albashinka, kamfanoni da dama kuma suna ɗora nasu a kai.

Kuɗin da ke cikin 401(k) na asali ba a karɓi harajinsu ba tukuna, gwamnati na jira sai ranar da ka fara ciro su. Roth IRA kuwa, wato asusun ritaya da mutum ke buɗe wa kansa ba ta wurin aiki ba, yanzu ake biyan harajinsa, duk ribar da ta taru daga baya taka ce, muddin ka kai shekara 59 da rabi kuma asusun ya shekara biyar. Sunan Sanata William Roth na jihar Delaware aka sa masa, dokarsa ta 1997 ce. Tun 2010 kowa na iya mayar da kuɗinsa zuwa Roth komai yawan samunsa.

Amma mayarwar ba kyauta ba ce. Abin da ka mayar ana haɗa shi da kuɗin shigarka na wannan shekarar. Dala 10,000 a matakin harajin kashi 12 za ta ci maka dala 1,200, a matakin kashi 22 kuwa dala 2,200, ban da harajin jiha. Don haka a shekarar da samu ya yi ƙasa ake yi. Mu baƙi muna yawan samun irin waɗannan shekaru: ka koma makaranta, ko aiki ya tsaya, ko ka tafi gida wata shida jinyar tsohuwa. Ka mayar kaɗan-kaɗan kafin 31 ga Disamba, ka biya harajin daga aljihunka, ba daga cikin asusun ba. Ka auna sosai kafin ka yi, domin tun 2018 an hana warware shi.

Ni kaina na sha wuya da na bar aikina na farko. Na ce a aiko mini da cak na kuɗin 401(k) ɗina da sunana. Da na buɗe ambulan a bakin akwatin wasiƙa, sai na ga an cire kashi 20. Ashe kwana 60 kawai nake da su in zuba kuɗin cif a sabon asusu, har da gibin da aka riƙe. Sai da na roƙi 'yan adashenmu suka ba ni kwasa kafin lokacina. Kai dai ka ce a tura kai tsaye daga wannan kamfani zuwa wancan, kada kuɗin su taɓa hannunka.

Wani abin da ya sa nake son IRA shi ne zaɓi. A 401(k) sai abin da kamfani ya jera maka, galibi da masu kuɗin ruwa a ciki. A IRA kana iya sayen hannun jari na halal irin na asusun zuba jari na Amana ko Wahed.

Mai niyyar komawa gida ya ƙara lura. Amurka ba ta da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Najeriya ko Nijar, saboda haka wanda ba ɗan ƙasa ba, ya kuma bar zaman Amurka a hukumance, kashi 30 ake riƙe masa idan ya ciro daga asusun asali. Kuma kada ka mayar yau, gobe ka kwashe don kafa tubalin gida a Kano ko Damagaram. Kowace mayarwa tana da nata shekara biyar, idan ka taɓa kafin su cika alhali ba ka kai 59 da rabi ba, tarar kashi 10 ce.

A farkon shekarar da ke bin mayarwar, takardar 1099-R, mai nuna kuɗin da suka fita daga asusun, za ta iso. Ka kai wa mai cike maka haraji, idan kuma daga IRA na asali ka mayar, ka tabbatar ya haɗa da fom 8606, inda ake bayyana mayarwar.