Kurakuran da muke yi wajen girka wa tsofaffinmu abinci

Shekara uku kenan da kakata ta dawo wajenmu nan Jos, ni ke riƙe da girkinta, kuma wallahi sai da na tafka kurakurai kafin na gane kan abin.

Gishiri ne ya fara kayar da ni. Ranar da likita ya ce Hajiya na da hawan jini sai na ɗauke gishiri gaba ɗaya, na koma zuba magi uku huɗu don miya ta yi armashi, ashe an gudu ne ba a tsira ba, dunƙulen nan cike yake da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin burodi da magin fa. Yanzu daddawa nake sakawa da albasa da tafarnuwa da citta, magi rabi kawai, kuma tana shan miyarta.

Wanda ya fi damuna shi ne na kunu. Da mun ga tsoho ba haƙora shikenan, koko da safe, kunu da rana, shayi da burodi da dare, mu a ganinmu tausayi ne. Haka na yi mata wata biyu sai na lura zaninta ya daina zama a ƙugu, tashi daga kan sallaya ma sai ta dafa bango. Tsoho na buƙatar abinci mai gina jiki sosai don naman jikinsa raguwa yake yi. Ba hana shi za a yi ba, laushi za a sa masa: alale, dafaffen ƙwai, wake da ya dahu luguf, kindirmo, kifi a zauna a tsince ƙayar tas, nama kuma a niƙa. Mu da Allah ya ba kasuwar kayan lambu ta Farin Gada ba mu da uzuri, alayyafo da karas da kabeji duk ga su nan, a yanka ƙanana a zuba a gwaten acha.

Achar ma a yi hattara, ana ta cewa maganin ciwon suga ce sai a cika kwano fal. Hatsi ce ita ma, a rage yawa a ƙara ganye. Masu zuwa gaisuwa da katan ɗin lemo da maltina kuma don Allah ku koma gwanda da lemun zaƙi. In akwai ciwon ƙoda kuwa a tambayi likita kafin a canza komai.

Sai ruwa. Tsofaffi ba sa jin ƙishi kamar mu, ga sanyin Jos a Disamba, Hajiya har gudun sha take don kada fitsari ya sa ta sake alwala, daga nan sai bushewar ciki. Filas na saya mata na ruwan ɗumi, bayan kowace salla kofi ɗaya.

Da can nakan kai mata tire ɗaki in fito, ta ce "ajiye nan 'yar nan", in dawo in tarar ko taɓawa ba ta yi ba. Yanzu kwanona nake ɗauka in zauna gefenta, tana ba ni labarin kasuwar Taminus kafin gobara, kafin mu ankara ta cinye har tana tambayar ko da saura a tukunya.