Idan kajinku na figar gashin juna

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kaji. Mu da ke Legas fili ne matsalarmu, sai mutum ya cusa kaji 20 a akurkin da bai wuce na 10 ba, ga zafi. Nan faɗa ke farawa.

Ni a bayan gidanmu a Agege na tarar da wata jar kaza sauran sun tsige mata bayan wutsiya har jini. Kaza in ta ga jini ba ta bari, sai sun taru a kan mai ciwon. Cire ta nan take, a wanke wurin da ruwan gishiri, a shafa shuɗin maganin ciwon nan GV (gentian violet), yana ɓoye jan. Kada a mayar da ita sai ta warke.

Sannan a duba abinci. Dusa zalla ba ta isar mai ƙwai, ku haɗa da abincin kamfani ko garin kifi. Na ƙara mazubi biyu nesa da juna, don babbar kaza takan tare guda. Ragowar kabejin kasuwar Mile 12 kuwa rataye shi nake da igiya, su yini suna caccaka. Sabuwar kaza kuma a bar ta bayan raga kamar mako guda tukuna.