Yadda ake haɗa ledar sitaci daga masara ko rogo

Ledar da ake ƙulla mana kaya a Kasuwar Barci daga ɗanyen mai da iskar gas take fitowa, shi ya sa take shekaru a kwata ba ta ruɓe ba. Ta sitaci kuwa ƙasa na cinye ta.

A auna sitaci babban cokali 1, ruwa cokali 4, gilisarin (mai ruwa-ruwa da ake shafawa don laushin fata) da binega (ruwan khal) ƙaramin cokali ɗai-ɗai. A dama da ruwan sanyi har gudaji ya mutu, sannan a ɗora kan wuta kaɗan ana juyawa. Da ya yi kauri kamar koko, farin ya washe, a sauke, a shimfiɗa siriri a faranti. Kwana 2 zuwa 3 a inuwa ya isa.

Gilisarin ne sirrin aikin. In ya yi kaɗan ledar ta karye, in ya yi yawa ta riƙa danƙo a hannu. Iskar hunturu na busar da saman da wuri ya tsattsage, don haka a kife kwando a kai. Da damina kuma fumfuna ce matsalar.

Ruwa na lalata ta, ba ta ƙulla kunu sai busasshen kaya. Tsadarta na bin farashin masara, gara a tanadi sitaci da kaka.