Yadda na gyara injin busar da kayanmu

Tun farkon hunturu injin busar da kayan wanki na gidanmu a nan Amurka ya fara ba ni damuwa, domin kayan da yake busarwa cikin minti 45 sai su kai awa biyu da danshinsu, ga jikinsa ya ɗau zafi har ba a iya ɗora hannu. Na zaci abin da ke dumama iskar ne ya lalace, ashe ba nan matsalar take ba.

Da na cire filogi na janyo injin daga bango, sai na kwance bututun da ke fitar da iska waje, na tarar ya cika maƙil da burbushin zare wanda ya dunƙule kamar auduga, murfin waje kuma ya maƙale. Na share hanyar da dogon buroshi, sannan na sauya bututun roba da na ƙarfe, domin wannan burbushi yana saurin kama wuta. Rariyar da ke tare burbushin zare a bakin ƙofar injin ma sai da na wanke ta da sabulu, saboda ko ruwa ya ƙi wucewa ta cikinta. Yanzu ina share ta bayan kowace busarwa, kuma ba na barin injin a kunne idan zan fita.