Yadda ake zuwa Farin Ruwa daga Zariya a dawo lafiya

Yawancin 'yan Zariya da ke zuwa Jos yawon buɗe ido, iyakarsu gidan zoo da gidan tarihi da duwatsun Shere, wanda ya matsa ya leƙa ruwan Assop a gindin Hawan Kibo. Amma a bayan tsaunukan nan, cikin ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa, akwai Farin Ruwa, inda ruwan da ya taso daga tudun Filato yake faɗowa daga dutse mai tsayin kimanin mita 150. Tun daga nesa za ku hango shi fari fat kamar an shanya alawayyo a jikin dutse. Sai dai mota ba ta kai mutum gindinsa, da ƙafa ake ƙarasawa.

Ku fara da zaɓen wata, don shi ne rabin tafiyar. A Agusta da Satumba ruwan ya fi cika, amma a lokacin ne hanya ke zama taɓo, rafuka su hana tsallakawa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu hanya lafiya lau, ruwan ne ya ja baya, ga rana mai ƙuna. Ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ya fi: damina ta ɗauke, ƙasa ta sha iska, ruwan kuma da sauran ƙarfinsa.

Tafiyar kwana uku ce, kada wani ya ruɗe ku da cewa za a je a dawo a yini biyu. Ranar farko a bar Zariya bayan asuba, a bi Soba, Pambeguwa, Saminaka zuwa Jos, a gangara Hawan Kibo da rana tsaka (direba ya riƙe ƙaramin giya, kada ya dogara da birki), a wuce Gwantu a kwana Akwanga. Washegari da sassafe sai Wamba, daga nan kimanin kilomita 30 ne zuwa ruwan, kuma ƙarshen hanyar ba kwalta. Inda mota ta gaza sai acaɓa. Ku yi ciniki na zuwa da dawowa, ku ba da rabi, sauran sai an dawo da ku. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana, kada ku sa rai da POS ko sabis ɗin waya. Kafin ku taso kuma ku tambayi direbobin tasha halin tsaron hanya a wannan makon, kuma kada magariba ta riske ku a daji.

A ƙauyen ƙarshe ku gaida mai gari, ku faɗi ku nawa ne da lokacin da za ku fito, ku nemi ɗan jagora daga cikin mutanen wurin. Shi ya san mashigin da ba zurfi.

Wanda iyakar tafiyarsa daga Samaru zuwa Kwangila ce a cikin bas, ya gwada ƙafarsa tukuna. Ya hau dutsen Kufena sau biyu ko uku da jaka a baya, da takalmin da zai tafi da shi. Sabon takalmi kan yi wa dunduniya bororo tun ba a je ko'ina ba. Kambas mai ƙasan roba mai zane ake so, da safa mai kauri. Silifas da takalmin fata mai sulɓi a bar su a masauki. Dogon wando da riga mai dogon hannu, saboda ciyawa da ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo da ke zama bakin ruwa mai gudu. Mata su sa wando a ƙarƙashin hijabi gajere, don dogo yana kama ƙaya yana harɗe ƙafa.

Kowa ya ɗauki ruwa lita 3, da dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa ko kilishi. Ruwan rafi, komai haskensa, ba na sha ba ne sai an tafasa. Idan wani ya fara ciwon kai ko jijiyar ƙafa ta ɗaure masa, a zaunar da shi a inuwa, a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita 1 ta ruwan sha, ya riƙa kurɓa. A ƙara da tocila, bandeji, sanda, da leda mai kauri ta ɗaure waya, domin feshin ruwan yana jiƙa mutum tun bai isa ba.

Wurin da aka fi jin ciwo shi ne tsallake rafi da kuma gindin ruwan. Dutsen da ya yi baƙi ko kore yana sheƙi, gansakuka ce a kansa, santsinta ya fi na kuɓewa. Ku taka busasshe, mai kaushi, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, hannu ba waya. A cikin rafi kada ku cire takalmi. Ku fuskanci inda ruwa ke fitowa, ku kafa sanda a gabanku, ku ja ƙafa a gicciye, mutum ɗaya ya gama kafin na biyu ya shiga. Ruwan da ya wuce gwiwa kuma yana gudu, a haƙura da shi.

Ku riƙa kallon launin ruwan. Ana iya tafka ruwan sama a kan tudu alhali inda kuke rana ce tarwai. In ya fara jaja-jaja, yana kawo ganye da ƙirare, ko ƙararsa ta canza, ku hau tudu nan take, ko da kaya na baje. Iyo a daidai inda ruwan ke faɗowa kuwa ba a yin sa: yana juyawa ƙasa ya danne mutum, ruwa mai kumfa kuma ba ya ɗaga jiki kamar na dam.

Maciji in ya sari wani, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko agogo, a ɗora gaɓar a jikin itace don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa babur sai asibiti.

Ku sa ƙarfe 2 na rana ya zama lokacin juyowa, ko an gama hoto ko ba a gama ba. A Nuwamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, dawowa kuma ta fi zuwa cin lokaci saboda gajiya. Azahar a yi ta can kan busasshen falalen dutse, nesa da feshi, sannan a tattara leda da robobin ruwa a jaka a kama hanyar Akwanga.